Yadda Ake Zaɓar Yawon Gari a Tafiyarka ta Farko da Jirgin Ruwan Shaƙatawa

Kuɗin da ka biya kamfanin jirgin ruwa na ɗaki ne da abinci da ɗaukar ka daga wannan tasha zuwa waccan. Fita ganin gari idan jirgi ya tsaya kuwa lissafi ne daban, kuma a nan ne aljihun sabon matafiyi yake yoyo. Da zarar ka gama biya, kamfani zai fara turo maka jerin yawace-yawace, yana cewa ka hanzarta kafin gurbi ya ƙare. Kada ka yi gaggawar saye, kada kuma ka watsar da su gaba ɗaya. Hanyoyi uku ne a gabanka: ka bi tawagar da jirgin ya shirya, ko ka yi ciniki da kamfanin yawo na garin, ko ka fita da ƙafarka. Ba a zaɓar hanya ɗaya a ɗora wa tafiyar duka. Kowace tasha da hukuncinta.

Bari mu ɗauki zagayen kwana bakwai na yammacin Bahar Rum, irin wanda kamfanoni kamar MSC da Costa suke yi: Barcelona a Sifen, Marseille a Faransa, Genoa da Civitavecchia da Palermo a Italiya, sai Valletta a Malta.

Mataki na farko: ka gama da maganar biza

Mai fasfon Najeriya ko na Nijar daga nan yake farawa, don ba shi da sauƙin da Bature yake da shi. Garuruwan nan shida duk suna cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, amma akwai jiragen da suke ratsawa ta La Goulette a Tunisiya, wasu kuma na gabas suna tsayawa a Turkiyya. Idan jirgi ya fita daga Shengen ya dawo, bizar shiga sau ɗaya ba za ta wadatar ba, sai ta shiga da fita sau da yawa. Ka rubuta wa kamfanin, ka faɗi irin fasfonka, ka tambayi abin da ake buƙata a kowace tasha, ka kuma ajiye amsar a rubuce. Kar ka ce ai ba zan sauka a can ba, zan zauna a jirgi. Sau da yawa ranar shiga jirgi ake duba takardun dukkan tashoshin, wanda bai cika ba a bar shi a bakin ruwa da akwatinsa.

Mataki na biyu: ka auna nisan gari daga inda jirgi zai tsaya

Wannan shi ne zuciyar al'amarin. Ɗauki takarda, ka rubuta kowace tasha, lokacin isowa, lokacin tashi, da nisan abin da kake son gani. Sunan da aka rubuta a talla yakan ruɗi mutum. Za ka ga an sa Rum, alhali jirgi a Civitavecchia zai tsaya, kimanin kilomita 80 daga birnin. Kafin ka ga Rum sai ka hau bas daga gindin jirgi zuwa ƙofar tasha, daga can ka nufi tashar jirgin ƙasa, sannan ka yi tafiyar awa ɗaya ko fiye. Haka za ka maimaita da yamma, ƙafa ta gaji, kowa kuma yana neman komawa a lokaci guda. Idan jirgi ya tsaya awa goma sha ɗaya, abin da zai rage maka a cikin birnin bai fi shida ko bakwai ba.

Valletta kuwa, daga saukarka ka ɗan taka kaɗan, ka shiga lif ɗin Barrakka mai tsawon mita 58, sai ga ka a tsakiyar tsohon birni kana hango jirginka a ƙasa. Wanda ya biya ɗan jagora don a kai shi nan ya yi kyauta da kuɗinsa. Genoa da Palermo ma da ƙafa ake shiga gari. A Barcelona akwai bas da ke ɗauko mutane daga tasha ya ajiye su kusa da gunkin Kolumbus, a ƙarshen titin La Rambla. Marseille tana tsakani: tashar manyan jirage tana wajen gari, sai da mota, amma ba nisan tashin hankali ba ne.

Ka kuma duba ko jirgi zai jingina da gaɓa ko kuwa zai jefa anga a cikin ruwa. A wurare irin Santorini ta Girka ƙananan jirage ne suke jigilar fasinja zuwa tudu, kuma 'yan tawagar jirgi ake fara sallama. Mai fita da kansa sai ya karɓi lamba ya jira. Idan ka yi alkawari da ɗan jagora ƙarfe takwas a irin wannan tasha, to ka yi alkawarin da ba ya hannunka.

Mataki na uku: ka san abin da kake saya a kowace hanya

Yawon jirgi ya fi tsada, kuma galibi babbar bas ce cike da mutane, ana tafiya da saurin wanda ya fi kowa nawa, wani lokaci a ƙare a shagon tsaraba da ba kai ka nema ba. Amma akwai abu ɗaya da ba ya samuwa a wani wuri: idan bas ɗin ta makale a cunkoso, jirgi zai jira ta, in kuma ba zai iya jira ba, kamfani ne zai ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. Haka nan idan iska ta hana jirgi tsayawa, kuɗinka zai dawo ba tare da ka bi kowa ba.

Wanda ya fita da kansa ba shi da wannan. Jirgin ba motar tasha ba ne da direba zai ce saura mutum ɗaya a ɗan jira. Lokaci na cika ake janye matakala. Ba'amurke ko Bajamushe in ya makara, sai ya hau jirgin sama ya tari jirgin a gaba, ya yi asarar kuɗi kawai. Kai fa, idan tasha ta gaba tana ƙasar da ba ka da bizar shiga ta filin jirgin sama, tafiyar ta ƙare ke nan. Shi ya sa a ganina duk inda zuwa kaɗai zai ci kusan awa biyu ko fiye, kamar daga Iskandariyya zuwa dalolin Alƙahira, ko daga Aƙaba zuwa tsohon birnin Petra a Jodan, ko daga Malaga zuwa fadar Alhambra a Sifen, sabon matafiyi ya bi tawagar jirgi, ko da farashin ya yi masa ɗaci. Rum kuwa tsaka-tsaki ce. Ana iya yin ta da jirgin ƙasa, amma ma'aikatan sufuri a Italiya suna yawan yajin aiki. Ana sanar da shi tun kafin ranar, don haka ka duba.

Kamfanin gari, wanda ake samu kai tsaye ko ta shafuka irin su Viator da GetYourGuide, yana da daɗi ga iyali. Jirgi da yawan mutane yake lissafi, motar shata kuwa da mota. A ce jirgi ya sa yuro 100 a kan kowane mutum, ku kuma shida ne da iyaye da yara. To ka tambayi kuɗin ƙaramar bas da direba na yini, sau da yawa zai zo ƙasa da 600 ɗin nan, kuma ku ne za ku ce a tsaya nan, a wuce can. Ga mai son ya tsaya ya yi salla a natse, ko ya zaɓi inda zai ci abincin da ya yarda da shi, wannan ba ƙaramin abu ba ne, don bas ɗin tawaga ba ta tsayawa saboda Azahar.

Kafin ka biya kowane kamfanin gari, ka yi masa tambayoyi uku a rubuce. Idan jirgi bai tsaya ba, za ku mayar mini da kuɗina duka? A ina daidai za mu haɗu, cikin tasha ko wajen ƙofa? Ƙarfe nawa za ku dawo da ni? Wanda ya yi ta kewaye-kewaye a amsar ta farko, rabu da shi. Araha ba ta ado.

Mataki na huɗu: ka karanta bayanin yawon har ƙasa

Hoton ba ya faɗin gaskiya duka. Idan aka ce za a zaga a ga wuri, yana iya nufin ta tagar bas. Duba ko tikitin shiga yana cikin kuɗin, awa nawa ne a mota, da yawan tafiyar ƙafa, musamman idan akwai dattijo a tare da ku; tsofaffin biranen nan daɓen dutse ne da matakala. Yawace-yawace da dama a Italiya da Faransa suna haɗawa da gonar inabi da ɗanɗanon giya, abincin rana kuma kan zo da naman alade. Ana rubutawa, amma sai wanda ya karanta.

Mataki na biyar: ka fara sayen abin da ke ƙarewa

Manyan wurare yanzu da tikiti mai ƙayyadajjen lokaci ake shiga. Akropolis ta Atina ta kafa iyakar mutum 20,000 a rana tun 2023, kufan birnin Pompeii a Italiya ya bi sahu da wannan adadi a 2024. Tikitin Kolosiyam, tsohon filin wasan Rum, da na Alhambra da sunanka ake fitarwa, a kuma duba shi da fasfo a ƙofa. Gidan tarihin Batikan ba ya buɗewa ranar Lahadi, sai ta ƙarshen wata. Ka sayi irin waɗannan makonni kafin tafiya, daga shafin wurin na ainihi, ka kuma zaɓi lokacin da ya kai aƙalla awa biyu bayan isowar jirgi, ko uku in garin na da nisa. Sauran kuwa babu gaggawa. Ka bar tasha ɗaya ko biyu babu shiri, domin kwana shida a jere ana sammako yana karya jiki, kuma jirgi ya fi daɗin zama ranar da kowa ya fita.

Mataki na shida: safiyar fita

Lokacin da ya dame ka ba na tashin jirgi ba ne, na rufe shiga ne, wanda yawanci yake rabin awa kafin tashi. Ana rubuta shi a takardar shirin yini da ake kawowa ɗaki, ana kuma kafa shi a allo a bakin matakala. Ɗauki hotonsa. Ka tabbatar da agogon da jirgi yake aiki da shi, don wayarka za ta koma na garin da kanta. A lokacin zafi Tunisiya tana bayan Italiya da awa ɗaya, Girka kuma tana gabanta da awa ɗaya a kowane lokaci, kuma ba kullum jirgi yake sauya nasa ba. Ka sa wa kanka dokar kasancewa a tasha awa ɗaya kafin a rufe, awa biyu in daga nesa za ka taho.

Ka fita da katin jirgi, da fasfo in an ce a fita da shi, da maganin da kake sha, da ɗan tsabar yuro, da taswirar garin da ka sauke a waya tun kana da intanet. Tikitin takarda na ƙaramin jirgin ƙasa a Italiya sai an buga shi a na'urar da ke kan dandamali kafin a hau, in ba haka ba tara ce. A wannan takardar shirin yini akwai suna da lambar wakilin kamfanin a tashar. Idan ka ga alamar za ka makara, shi za ka kira tun kana hanya, ka faɗa masa lambar ɗakinka da inda kake.