Yadda ake canza launin tufafi a hoto da manhajar GIMP

Telan da ke tallata ɗinkinsa a WhatsApp ba sai ya ɗinka kaftani biyar ba kafin ya nuna wa mai saye yadda samfuri guda zai fito a launuka daban-daban. Hoto ɗaya ya wadatar, muddin an iya keɓe rigar daga sauran abubuwan da ke cikinsa. GIMP, wadda ake saukewa kyauta kuma take aiki a Windows da Linux da macOS, tana da kayan wannan aiki.

Da farko ka buɗe hoton, ka danna Shift+Ctrl+D domin ka kwafi leyarsa, wato shimfiɗar da hoton yake a kanta a cikin manhajar, ta yadda duk gyaran da za ka yi zai tsaya a kan kwafin, na asali kuma ya zauna a ƙasa ba a taɓa shi ba.

Keɓe rigar shi ne ke cin mafi yawan lokaci. Ka danna harafin U don ɗauko Fuzzy Select, sannan ka taɓa tsakiyar rigar, nan take za ka ga ɗige-ɗige suna zagaye wurin kamar jerin tururuwa. Kayan aikin yana kama launin da ya yi kama da inda ka taɓa ne, matuƙar a haɗe suke, kuma lambar Threshold, wadda take farawa daga 15, ita ce ke ƙayyade iyakar kamannin. Idan ka ɗaga ta da yawa, zaɓin zai tsallaka zuwa bango ko kujera. Idan ta yi ƙasa, zai bar inuwar da ke cikin ninkin yadin. Gara a bar ta a ƙasa, a riƙe Shift ana taɓa sauran wuraren ɗaya bayan ɗaya, domin Shift ƙari yake yi, Ctrl kuma ragi. Akwai kuma Select by Color, amma shi yana ɗebo launin ne a ko'ina cikin hoton, saboda haka idan hula da riga launinsu ɗaya, tare zai kama su.

Da wuya wannan zaɓi ya fita tsaf, musamman a bakin hannu da wuya, inda yadi ya haɗu da fata. A nan ne za ka danna Shift+Q, sai duk abin da ba a zaɓa ba ya rufu da ja. Ka zuƙo hoton sosai, ka ɗauki buroshi: fari yana shigar da wuri cikin zaɓin, baƙi yana fitar da shi. Aikin zare na wuyan riga da maɓallai sun cancanci haƙuri, domin zaren da ya rine tare da yadi shi ne abu na farko da ke tona cewa an taɓa hoto. Idan ka gama, ka sake danna Shift+Q, sannan ka shiga Select, ka zaɓi Feather, ka sa fiksil (ƙananan ɗigon da suka haɗa hoto) 1 ko 2 don gefen ya yi laushi.

Canza launin kansa ba ya da wuya. Ka shiga Colors, ka zaɓi Hue-Saturation, ka ja Hue, wanda ke tafiya daga -180 zuwa 180, har shuɗi ya koma kore ko ruwan goro. Saturation na ƙara wa launi ƙarfi ko rage shi. Lightness kuwa a taɓa shi kaɗan, domin yana kashe sheƙin shadda.

Farar shadda ba ta jin wannan hanya, saboda babu launin da za a juya a jikinta. Maganinta shi ne ka buɗe sabuwar leya da Shift+Ctrl+N alhali zaɓin yana nan, ka cika ta da launin da kake so, ka mayar da Mode ɗinta zuwa Multiply, sai inuwa da zanen yadin su bayyana ta ƙarƙashin sabon launin. Baƙar riga ta fi kowacce gardama, don haka tun wajen ɗaukar hoto a zaɓi mai haske.

Daga nan ka cire zaɓin da Shift+Ctrl+A, ka adana aikin a matsayin XCF, wato nau'in fayil na GIMP, domin leyoyin su tsira, sannan ka fitar da kowane launi a matsayin JPEG ta Export As. Wajen turawa, ka rubuta a ƙasan hoton cewa da kwamfuta aka sauya launin, tun da abin da fuskar waya ke nunawa yakan ɗan bambanta da yadin da ke shago.