Motar lantarki ta hannu ta ƙi shan caji mai sauri? Kar ka yi saurin zargin babban batir

Wata takwas kenan da na sayi motar lantarki ta hannu a nan Jidda, ina ɗan kai-komo da ita tsakanin Jidda da Makka. Ranar da ta fara min gardama bayan la'asar ne cikin watan Yuli, na jona kan caja, allon na'urar ya nuna yana haɗawa, sai na ji ƙas, can kuma ƙas, sai fitilar bakin cajin ta koma ja. Har sau uku. Wani dattijo Basakkwace dake jiran layi ya leƙo yace "ɗan nan batirinka ya tafi, sai haƙuri." Nace Baba Allah ya kiyaye, amma wlh gabana ya faɗi. Ashe ƙaramin batir ne, wanda kuɗinsa bai kai na taya biyu ba. To ga yadda nake bi yanzu, daga abin da ba a kashe ko riyal ɗaya zuwa wanda sai an je sina'iyya, unguwar makanikai.

Farko dai canja caja. Mutane na raina wannan amma sau da yawa laifin na na'urar ne ba na mota ba. Duba ko wani ya danna jan maɓallin gaggawa ya tafi ya barshi, duba ko kuɗi ya fita a manhaja ko kati, koma ɗaya kan, in ya ƙi tafi wata mahaɗɗa, wato tashar caji, daban gaba ɗaya. Tunda aka kafa EVIQ a 2023, kamfanin tashoshin caji mallakar asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya (PIF) da kamfanin lantarki na ƙasa, ga kuma na wasu gidajen mai da manyan kantuna, a Jidda da Riyad ba ka rasa wuri na biyu da zaka gwada. Sai ta ƙi a wuri biyu ko uku sannan zaka ce motar ce.

Sannan ka san irin bakin cajin motarka, musamman in ba ta wakala bace, wato dilan kamfanin a ƙasar nan, shigowa da ita aka yi. A nan ƙasar CCS2 ake amfani da shi, irin na Turai, wanda ke da manyan ramuka biyu a ƙasa. Motar da aka yi don kasuwar Chaina GB/T gareta, ta Amurka CCS1 ko kuma bakin Tesla na can, Nissan Leaf ta da kuma CHAdeMO. Masu irin waɗannan da adafta suke rayuwa, kuma adaftar GB/T ba ƙarfe bane kawai, akwai ƴar kwamfuta a cikinta mai fassara maganar caja zuwa yaren mota, da yawansu ma da ɗan batirinsu a ciki. In batirin nan ya sauka ko manhajar cikinta ta tsufa, caji bazai tashi ba ko ka kwana a wurin. Yi mata caji, ka nemi wanda ya sayar maka ya sabunta ta.

Wata dabara kuma da bata cin komai: kebul ɗin caji mai sauri nauyi gareshi, yana rinjayar kan ya sunkuyo, sai ɗan ƙarfen dake kulle shi ya kasa shiga raminsa, mota kuwa in bata ji ya kullu ba bazata bari wuta ta shigo ba. Tura shi sosai, ka tallafe shi da hannu ka ɗan ɗaga sama har ka ji kullin ya kama kuma lambobi sun fara tafiya, sannan ka saki. Ka haska ramukan da fitilar waya, ƙurar garin nan ba inda bata shiga. In ƙura ce ka hure ta da iska, kar ka cusa waya ko sukundireba. In ka ga roba ta narke ko ƙarfe ya yi baƙi, tsaya nan, wannan sai canji.

Yanzu ƙaramin batir mai bolt 12, wanda ya ci min mutunci gaban Baba. Shi ke tada kwamfutocin mota, shi ke murɗa kullin bakin caji, shi ke rufe manyan makunnan dake haɗa babban batir da caja, ƙas ɗin nan da kake ji su ne. In ya yi sanyi sai makunnan su kama su saki, caja ta ga abu ba daidai ba ta yanke. Abin haushin tunda motar bata da sitata bazaka ji tana jan numfashi da safe ba kamar mai fetur, lafiya lau zata tashi har ranar da zata kunyata ka. Kuma zafin Hijaz na cinye irin wannan batir da wuri. Sa masa mitar auna bolt bayan motar ta kwana a kashe: wajen 12.6 lafiya, 12.0 zuwa ƙasa ya gaji. In ka kunna ta ya kamata ya hau 13.5 zuwa 14 da wani abu. Wannan lissafin na batirin gargajiya ne, wasu sabbin motoci na litiyom suke sawa, nasu lambobin daban.

Idan kuma tana sha amma a hankali, wannan wani babi ne. Kar ka manta duk motar lantarki tana rage gudun sha in ta doshi kashi 80, ba ciwo bane, haka aka yi ta. Kuma caja mai kilowat 150 bazata ba motar da iyakarta 50 fiye da 50 ba, wasu na'urorin ma raba wutar suke in mota biyu suka jona. Amma babban ɓarawon gudu a ƙasar nan zafi ne. Batir ya fi son wajen digiri 25 zuwa 35, kai kuma ka taso daga Makka da azahar rana na neman 45, ka taka ta a titi, ka zo ka ce ta sha da ƙarfi, dole kwamfutar ta ja birki don kar batirin ya lalace. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne, ka bari cajin ya sauka wajen kashi 20, ka je caja ɗin nan dai bayan sallar asuba. In ta sha da gudu, batirinka lafiya, zafi ne.

To amma kar ka ce shikenan. A motoci da yawa gas ɗin mukayyif, wato furiyon na AC, shi ke sanyaya ruwan dake zagaya batir, saboda haka in furiyon ya ragu ko kwamfureso ya yi rauni, cajin ma raguwa zai yi. Wanda ya sayar maka bazai faɗa maka ba, ƙila shi ma bai sani ba. Lokacin caji tsaya gaban motar ka saurara, ya kamata ka ji fanka na kuka sosai. In shiru kake ji alhali caji na rarrafe, a duba fanka, a duba ruwan sanyaya batir, a wanke lagireto don ƙura da leda na toshe shi. Kuma a kai wa wanda ya san motar lantarki, man kwamfuresonta daban ne, in aka zuba na motar fetur zai iya jawo matsalar yoyon wuta. Ita Leaf ta da bata da ruwan sanyaya batir kwata-kwata, caji na biyu a jere dole ya ragu, ba gyaran da za a yi mata illa inuwa da haƙuri.

Ga yadda zaka rage wa kahrabayi, mai gyaran wutar mota, aiki. In tana sha a gida amma ta ƙi mai sauri, cajar cikin motar lafiya take, don mai sauri wutar DC, irin wadda batir ke ajiyewa, take turawa kai tsaye zuwa batir ba ta bi ta cajar cikin motar, sai a nemi laifin a manyan ramukan nan biyu, ko makunnan, ko sadarwa tsakanin mota da caja. In mai sauri tana yi ta gida ce ta ƙi, to cajar cikin motar ce ake zargi. Sayi ƴar na'urar OBD2, mai karanta kwamfutar mota, ka jona ƙarƙashin sitiyari, da manhaja irin Car Scanner zaka ga zafin batir da lafiyarsa da lambar laifin, ka ɗauki hotonta kafin a goge. In ka ga maganar yoyon wuta zuwa jikin mota, ko ka ga wayoyi ruwan lemo, dan Allah cire hannunka, bolt 400 ne ko 800 a ciki. Wuce wakala, kuma ka tambayi garanti tukunna, yawancin kamfanoni shekara 8 ko kilomita 160,000 suke ba babban batir, amma motar da aka shigo da ita ta bayan fage ba lallai su karɓe ta ba.

Wanda kuma bai saya ba tukun yana ta leƙen Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, kafin a yi maganar canja istimara, takardar rajistar mota, ka ce da mai ita "Alhaji mu je mu sha caji," da rana tsaka, cajin na ƙasa da kashi 30, ku tsaya minti 20 kana kallon lambar kilowat da idonka.