Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a gajeren fim na ban tsoro, da yadda ake gyara su

Na taɓa zama a bayan wani aji ana nuna wa matasa fim ɗin da wasu ɗalibai suka kwashe makonni suna haɗawa. Minti biyun farko ajin ya yi tsit. Yarinyar cikin fim ɗin ta dawo gida ta tarar da ƙofar ɗakinta a buɗe, alhali ta tabbata ta kulle, kuma wata ɗaliba da ke gabana har ta damƙe hannun ƙawarta. Sai ga dodo ya fito tsaf, daga kai har ƙafa, a tsakiyar haske, da fuskar roba da baƙar riga. Wani ya gane takalmin da ke ƙafarsa, ya kira sunan mai shi. Aji ya ɓarke da dariya, fim kuwa bai sake tashi ba. Abin ya taɓa ni ƙwarai, don na san wahalar da yaran suka sha, na kuma san da an cire daƙiƙa huɗu kacal da labarin ya sha bamban.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane yawa: gaggawar nuna abin tsoron. An ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Da zarar mai kallo ya ƙare wa dodonku kallo, ya auna tsayinsa, ya ga inda fenti ya ƙare a wuya, ya raina shi ke nan. Kafin ya gan shi kuwa, zuciyarsa ce ke ƙera masa nasa dodon, kuma wanda take ƙerawa ya fi ƙarfin duk kwalliyar da aljihun ɗalibi zai iya saya. Ko manya sun koyi wannan ne da wahala. Lokacin da Steven Spielberg ke ɗaukar fim ɗin Jaws da ya fito a 1975, kifin inji da aka ƙera masa ya yi ta lalacewa a ruwan teku, dole ya rage nuna shi, sai ga shi rashin ganin kifin ne ya fi tayar wa mutane da hankali. To ku ma ku nuna ɓangare: yatsu a gefen ƙofa, inuwa a ƙarƙashin labule, wani abu da ya gifta a madubi. Mafi yawan lokaci ma ku bar kyamara a fuskar wadda ta gan shi. In kuma dole ne ya bayyana, fim yana tafiya ne da hotuna 24 a kowace daƙiƙa, hotuna 12 sun isa, rabin daƙiƙa ke nan.

Sai batun duhu. Ɗalibai da yawa suna zaton dare shi ne a kashe fitilu a danna ɗauka. Kyamarar waya idan ta rasa haske sai ta shiga ƙoƙarin ƙaro shi da kanta, hoto ya cika da ɗige-ɗige kamar an watsa masa yashi, fuska ta riƙa dushewa tana dawowa. Mai kallo da ke matse ido yana neman gane abin da ke faruwa ba ya jin tsoro, gajiya yake yi. Duhun fim da haske ake gina shi. Ku kashe ƙwan da ke saman ɗaki, ku ajiye fitila ɗaya daga gefe ko daga baya, rabin fuska a haske rabi a inuwa. Idan inuwar ta yi yawa, farin kwali a ɗaya gefen zai mayar da ɗan haske. Ku danna allon wayar ku riƙe har ta kulle haske da saiti, ku ɗauka da ɗan haske fiye da yadda kuke so, ku rage shi wajen tacewa. Rage haske abu ne mai sauƙi a manhajojin tace bidiyo irin su DaVinci Resolve ko CapCut, amma abin da duhu ya cinye tun wajen ɗauka ba ya dawowa.

Inda na fi so ku tsaya ku yi tunani shi ne sauti, domin nan ne ake asarar da ba a lura da ita. Ku gwada kashe muryar duk wani fim na ban tsoro da kuka sani, za ku ga rabin ƙarfinsa ya zube. Amma sai ka ga an kwana uku ana gyaran kwalliya, murya kuma an bar wa wayar da ke can nesa da bakin mai magana, ta kwashi ƙarar fanka da amsa-kuwwar ɗaki. Ku sami ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, in babu ku ɓoye waya ta biyu kusa da ɗan wasan. A tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara kafin kowace ɗauka, wannan tafin ne zai sauƙaƙa haɗa murya da hoto daga baya. A kashe fanka da firiji. Kafin a bar kowane ɗaki, kowa ya yi shiru a ɗauki minti ɗaya na sautin ɗakin shi kaɗai, domin da shi za a cike giɓi, kada shiru ya riƙa tsinkewa tsakanin yanka da yanka. Takun ƙafa, kukan ƙofa, numfashi, jan kujera, duk ku ɗauke su daban a wuri mai natsuwa, ku ɗora su ɗaya bayan ɗaya.

Kiɗa kuma ba a shimfiɗa shi daga farko har ƙarshe. Kunne yana sabawa, ya daina jin sa. Ni dai abin da ya fi sa tsikar jikina tashi shi ne agogon bango da aka saba jin bugunsa tun farkon fim ya tsaya haka kawai. Sannan kada ku ɗauko kiɗan wani shahararren fim, YouTube na da tsarin Content ID da ke gane irin wannan, yana iya toshe muku aikin baki ɗaya.

Firgitarwa ta bazata, wato a buga ƙara a tunkuɗo fuska, ita ma an cika dogaro da ita. Razana daban, tsoro daban. Ko faɗuwar littafi daga tebur na iya razana mutum, daƙiƙa biyu ya manta. Tsoro jira ne. Ku bari mai kallo ya riga jarumar sanin akwai abu a bayanta, ku bar sarari a gefen hoton inda ido zai riƙa komawa, ku jinkirta yankawa har sai kun ji kamar ya yi tsawo, sannan ku ƙara daƙiƙa biyu. A fim na minti biyar, bazata ɗaya ta isa, biyu ita ce iyaka.

Game da labari ba sai na tsawaita ba. Shafi ɗaya na rubutu kusan minti ɗaya ne a allo, don haka mai shafi 25 ya rubuta abin da ba zai gama ba kafin ƙarshen zango. Gajeren fim ɗin Lights Out da David F. Sandberg ya yi a Sweden a 2013 bai kai minti uku ba: mace ɗaya, gida ɗaya, makunnin fitila. Daga shi aka yi dogon fim a 2016. Wuri ɗaya, mutum biyu ko uku, doka ɗaya da abin tsoron ke bi, kada kuma ku karya ta. Ku guji rufewa da "ashe mafarki ne", domin mai kallo yana jin an yaudare shi.

Yanzu ga masu kallon kansu. Matashi mai shekara 15 ba yaro ba ne, yana gane an raina masa hankali tun daga maganar farko. Idan 'yan wasanku suna magana kamar masu karanta sanarwa, ku ba su damar juya kalaman zuwa bakinsu. Idan jarumar tana riƙe da waya, dole labari ya amsa abin da ya hana ta kiran wani, in ba haka ba zauren kallo ne zai yi tambayar da ƙarfi. Ku nemi tsoron a cikin rayuwarsu: saƙon da ya shigo daga lambar wanda ke zaune kusa da kai alhali wayarsa na kan tebur a kashe, hoton rukuni da aka ƙirga mutum ɗaya ya ƙaru, ko ka faɗi gaskiya manya su ƙi yarda. Wannan na ƙarshe ya fi kowane kama zuciyar matashi.

Wasu kuma suna zarcewa ɗaya ɓangaren, su kwarara jinin ƙarya don a ce sun girma. Hukumomin tace finafinai sun daɗe da raba abin da ya dace da wannan shekarun, shi ya sa Amurka ta fito da matakin PG-13 a 1984, Birtaniya kuma take da 12A da 15, dukkansu alamomi ne da ke nuna shekarun da fim ya dace da su. A fim ɗin matasa fargaba tana shiga, dogon nuna rauni ba ya shiga. Abu biyu ba na sassauci a kansu. Kada a nuna dalla-dalla yadda mutum ke cutar da kansa, domin a cikin masu kallon akwai wanda ke fama da damuwar da ba ku sani ba. Kuma kada haske ya riƙa walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa, yana iya tayar wa wasu da farfaɗiya.

Lafiyar masu aikin ma haka. Wuƙar gaske ba ta shiga wurin ɗauka ko da ta dakushe, a yi ta roba ko ta kwali. Duk wanda bai kai 18 ba a karɓi izinin iyayensa a rubuce, a kuma samu babba a wurin idan aikin dare ne. Kango yana da kyau a hoto, amma rufinsa da benensa ba abin amincewa ba ne. A sanar da maƙwabta kafin su ji ihu su kira 'yan sanda. Kada kuma mai ba da umarni ya tsorata ɗan wasa da gaske ba da saninsa ba wai don ya samu fuska mai kyau, wannan cin amana ne.

Idan an gama tacewar farko, ku tara matasa biyar ko shida da ba su san labarin ba, ku kunna musu da fitila a kashe, ku zauna a bayansu da takarda. Kada ku tambaye su ko ya yi kyau, za su ce ya yi. Ku rubuta daidai mintin da wani ya laluɓo wayarsa, da inda aka yi dariyar da ba ku nufa ba, da inda kafaɗu suka ɗaga. Ku koma kan kwamfuta ku yanke wurare biyun farko, ko da a ciki akwai ɗaukar da kuka kwana kuna yi, sannan ku nemo wasu sababbin mutum biyar ku sake nunawa.