Yadda Ake Lissafa Ninkin Siginal a Amfilifayar Taransista Ɗaya

Yawancin masu koyo da hanzari suke tsallakawa zuwa dabarar Av (wato yawan ninkin bolt ɗin siginal), su manta cewa komai ya dogara ne da wutar DC da ke bi ta taransista kafin siginal ta shigo. Daga nan za a fara.

Ɗauki taransistar BC547 (ƙafafunta uku: beis, emita da kolekta) a da'irar emita-gama-gari: wuta bolt 12, juriyoyin raba bolt na beis R1 47k da R2 10k, RC ta kolekta 4.7k, RE ta emita 1k, sai lodi, wato abin da siginal ke fita zuwa gare shi, na 10k (k na nufin om dubu). Bolt ɗin beis shi ne 12 × 10/57, wato 2.1. Cire 0.7 na mahaɗar beis da emita, saura 1.4 a kan RE, ke nan IE, wutar da ke bi ta emita, kusan miliyamfiya 1.4. Duba kolekta: RC ta cinye 1.4 × 4.7, kusan bolt 6.6, ke nan 12 − 6.6 = 5.4. Idan lissafi ya nuna kolekta ta faɗo kusa da emita, taransistar ta cika, sauran lissafin duk aikin banza ne.

Yanzu ka zana samfurin ƙaramar siginal. Kafasita ka ɗauke su tamkar waya, layin bolt 12 kuma ka haɗa shi da ƙasa. Juriyar cikin emita ita ce re = 26mV/IE, kusan om 18.6. Kada ka sa RC kaɗai, lodi yana kafaɗa da kafaɗa da shi: 4.7k da 10k sun ba da 3.2k. Sai Av = −3200/18.6, kusan −172. Alamar ragi tana nufin siginal ta fito a juye.

To, wannan 172 ɗin sai idan akwai kafasita a gefen RE. In babu, RE ta shiga ƙasan lissafi: 3200/1018.6, ninki uku da 'yan kai kawai. Kuma kada a yi rowa wajen girman wannan kafasita. Kafasita mai 10µF a mitar 100Hz juriyarta ta kai om 160, ta ninka re sau takwas, shi ya sa ƙasan sauti yake dusashewa. A sa 470µF, ai ba tsada gare ta ba.

Juriyar shiga: da β (ninkin wutar taransista) 200, rπ, wato juriyar da ake gani daga beis (β × re), kusan 3.7k ce, in aka haɗa ta da R1 da R2 ta koma 2.6k. Tushen siginal mai om 600 zai sauko da ninkin zuwa wajen 140. Wajen gwaji a tsaya ƙasa da milibolt 10, fiye da haka siginal ta fara murɗewa.