Kurakuran da ɗalibai ke tafkawa da bayanan radar teku

Na gaji da gyara abu ɗaya a kundin ɗalibai. Mu a Kaduna ba mu da teku, sai masu nazarin gudun ruwa su sauko da bayanan rada, wato na'urar da ke auna gudun ruwan teku daga gaɓa, daga intanet, galibi na tsibiran Hawai ko na mashigin Malta da Sisili, su zana taswira cike da kibiyoyi masu nuna inda ruwa ya nufa. A ido gwanin kyau, a lissafi kuwa sai a hankali.

Na farko, dogaro da tasha ɗaya. Rada kan harba siginar rediyo, a ce megahaz 13, ta daki taguwar ruwa mai tsawon rabin zangon siginar, wajen mita 11 da rabi, ta dawo da ɗan canji a yawan megahaz ɗinta, wanda ke nuna gudun abin da ta daka. Idan aka debe gudun taguwar daga canjin, sauran shi ne gudun ruwa. To amma tasha ɗaya, ruwan da ke nufo ta ko mai yin nesa da ita kaɗai take gani. Wanda ke gittawa ta gabanta, a wurinta a tsaye yake. Sai tashoshi biyu sun hango wuri ɗaya daga ɓangarori daban kafin a san alkibla. Ni duk wurin da kusurwar da ke tsakanin hangen tashoshin biyu ta gaza digiri 30 ko ta haura 150, zubar da bayanansa nake yi, ba na ciniki.

Na biyu shi ke ɓata mini rai: bayan tsibiri. Siginar kan bi saman ruwan gishiri ne, da ta hau ƙasa sai ta raunana, a bar giɓi a bayan tsibirin. Wani ɗalibi ya cike giɓin nan da sifili, ya rubuta babi guda yana bayanin yadda tsibiri ke kwantar da ruwa. Haba malam! Wurin da ba a auna ba ka mayar da shi tafki? Alhali a bayan tsibiri ruwa kan yi juyi bayan ya rabu gida biyu ya zagaye tsibirin. Sai da muka warware aikin tun daga tushe, hutuna ya tafi a kai. Wasu kuma manhaja suke sa wa ta ƙirƙiro musu kibiyoyi daga na maƙwabta, wannan ya fi muni don ba a gane shi da wuri. Ku bar giɓin fari, ku rubuta dalili a ƙarƙashin taswira.

Sauran ƙanana ne. Agogon bayanan UTC ne, wato agogon bai-ɗaya na duniya, namu na gaba da awa ɗaya. Iska ana faɗin inda ta fito, gudun ruwa inda ya nufa, kada a cakuɗa. Abin da radar ke aunawa bai wuce mita ɗaya zuwa biyu na saman teku ba, ban da ruwan da ke ƙarƙashin haka. Matsakaicin 'yan awoyi bai isa ba, cikar teku da janyewarta kan zagayo duk awa 12 da minti 25, ni sai na haɗa aƙalla awa 25 don shafe tasirinsu.

Mai tambaya ko za a gwada na'urar a Kogin Kaduna, ruwan daɗi ba ya ɗaukar wannan sigina da nisa.