Darasi na Bakwai: Birkin da ke Mayar da Wuta cikin Batir

Duk wanda ya taɓa hawan keke mai dainamo ya san abin da ke faruwa idan aka kwantar da kan dainamon a jikin taya da dare. Fitila tana kamawa, amma keken yana ƙara nauyi, har sai mahayin ya ƙara ƙarfin ƙafa. Ƙarfin nan da keken yake ci, shi ne yake komawa wuta. Wanda ya gane wannan ya riga ya gane rabin darasinmu na yau.

A motar fetur, idan direba ya taka birki, ƙarfin gudun yana ƙarewa ne a matsayin zafi a jikin birkin, kuma man da aka ƙona don samun wannan gudu ya tafi ke nan. Motar lantarki ba haka take ba. Da zarar direba ya ɗaga ƙafarsa daga totur, injin da yake juya tayoyi sai ya koma kamar janareto, tayoyin su riƙa juya shi, shi kuma ya riƙa tura wuta cikin batir, motar tana rage gudu a hankali kamar an riƙe ta ta baya. Ba duk wutar da aka kashe ce take dawowa ba, domin wani kaso yana salwanta a hanya, amma abin da yake dawowa yana ƙara tsawon tafiya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da wurin cajinsa yake nesa da ƙauyensu.

Yankinmu shimfiɗaɗɗe ne, ba mu da dogayen gangare kamar na Jos, saboda haka ribar direbanmu tana wurin yawan tsayawa ne. Ku ɗauki misalin wanda ya taso daga Gaya zai shiga Wudil ranar Juma'a, ranar da kasuwa take ci. Tun daga nesa zai hango garken shanu suna tsallaka titi, ga amalanke, ga masu babur, ga tudun rage gudu a bakin gari. Direban kirki yana sakin totur tun daga inda ya hango su, ya bar motar ta rage gudu da kanta, sai ya zo dab sannan ya ɗora ƙafa a kan birki. Wanda ya ci gaba da gudu har ya iso kansu, sannan ya danna birki da ƙarfi, ya zubar da mafi yawan wutar da zai iya samu, kuma ya tsorata fasinjojinsa.

Motoci sun bambanta wajen ƙarfin wannan riƙo. A Nissan Leaf akwai harafin B kusa da D a wurin giya, kuma idan aka sa B motar tana riƙewa sosai. A Hyundai Kona mai lantarki akwai 'yan maɓallai biyu a bayan sitiyari da ake ƙarawa ko ragewa da su. A cikin cunkoso riƙo mai ƙarfi ya fi amfani. A buɗaɗɗen titi kuwa, inda babu abin tsayawa, ya fi kyau a sassauta shi, a bar motar ta sulale.

Akwai kuma tsarin tuƙi guda uku da za ku gani a rubuce a yawancin motocin nan: Eco, Normal da Sport. Eco na tattali ne, totur yana yin sanyi, kuma a motoci da yawa na'urar sanyaya ciki tana rage ƙarfi, abin da za ku ji a jikinku a zafin watan Afrilu. Normal shi ne na yau da kullum. Sport yana sa motar ta zabura da ɗan taɓawa kaɗan, yana kuma jawo shan wuta. A ganina, sabon direba ba shi da wata hulɗa da Sport a hanyar da yara da awaki suke fitowa ba sallama, musamman da yake motar ba ta da ƙara mai ƙarfi kamar ta fetur da za ta sanar da su zuwanta.

Wajibi ne a kula da wani abu da yake ruɗar mutane. Idan batir ya cika fal, babu wurin da wutar za ta shiga, don haka motar ba za ta riƙe kamar yadda aka saba ba. Wanda ya kwana yana caji ya fito da safe, to ya sani cewa a farkon tafiyarsa ƙafarsa ce za ta yi aikin birki. Haka nan da damina, a hanyar burji mai laka da santsi, a rage ƙarfin riƙon, kuma a ɗaga ƙafa daga totur sannu a hankali don kada taya ta zame. Idan kuwa yaro ya faɗo titi ba zato, babu batun tattalin wuta, a taka birki iya ƙarfi.

Tun da birkin ƙafa ba ya shan aiki sosai, yana daɗewa bai cinye ba, amma tsatsa da ƙura suna iya kama shi. Ku riƙa taka shi da ɗan ƙarfi lokaci-lokaci a wurin da babu kowa a bayanku, kuma ku sa bakanike ya duba shi bayan damina.

Aikin gwaji: ku nemi fili wanda babu jama'a, tare da wanda ya iya motar a gefenku. Ku kai gudun kilomita 30 a awa, ku saki totur a daidai wata bishiya, ku lura da inda motar ta kusa tsayawa. Ku sake yi da riƙo mai ƙarfi, sannan ku auna tazarar biyu da takun ƙafa, ku rubuta adadin a littafinku.