Kafin ku tsallaka zuwa ɗan tsibirin da ke gaban gaɓar teku

'Yan'uwa masu shirin tattaki zuwa keɓaɓɓiyar gaɓar teku a ƙasashe masu zafi, ku fara duba jadawalin cika da janyewar ruwa, tun kafin ku ɗaura takalmi. A yawancin gaɓoɓi teku na cika sau 2 a yini, kuma lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50 kullum, don haka jadawalin jiya ba ya aiki yau.

Tudun yashin da ke haɗa gaɓa da tsibiri yakan fito ne idan ruwa ya ja. Ku tsallaka awa 1 kafin ya gama janyewa, ku juyo da zarar ya fara dawowa. Nan mutane ke ruɗuwa: awar farko a hankali yake hawa, amma a awa ta 3 da ta 4 kusan rabin cikar ke zuwa. Hanyar da ta kai idon sawu sai ta kai ƙirji. Abin ya fi tsanani a tsayuwar wata da daren sha huɗu.

Kada ku shiga ba takalmi, duwatsun murjani na yanka, raunin kuma saurin ruruwa gare shi. A wanke da ruwa mai tsabta nan take. Idan igiyar ruwa ta ja mutum ciki, kada ya yi kokawa da ita, ya yi iyo a kaikaice, daidai da gaɓa.

Ruwan sha aƙalla rabin lita kowace awa ta tafiya, waya cikin leda, da tocila, don a can duhu na rufewa cikin kusan rabin awa bayan faɗuwar rana. Ku gaya wa wani lokacin dawowarku.